Ido, Wa Ka Raina? Ziyarar Yini Guda a Birnin Kano a Matsayin Hanyar Nazarin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi shekara guda a Sashen Hausa ya gamu da kalmomi irin su katsi da laso da azara da lifidi da tanderu. Ya ji su a darasin al'ada, ya duba su a ƙamus, ya haddace ma'anarsu, mai yiwuwa ma ya ci maki mai kyau da su a jarrabawa. Amma da za a ɗebo katsi da tokar murhu a ajiye a gaban aji, a ce kowa ya taso ya nuna wanne ne wanne, da yawa sai su yi zuru. Sanin kalma a takarda daban, saninta tare da abin da take nufi, a bakin mutumin da yake aiki da ita, shi ma daban.

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a nuna cewa fita ta yini guda zuwa gidajen tarihi da wuraren shaƙatawa da wuraren cin abinci na kusa da gida, wadda yawancinmu muke ɗauka abin yara ne ko na baƙi, hanya ce ta nazarin harshe da al'ada, kuma ita ce mafi araha daga cikin hanyoyin da ɗalibi yake da su. An ɗauki birnin Kano a matsayin misali. Za a bi wuraren ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mai ziyara zai bi su daga safe zuwa yamma, a faɗi abin da ke wurin, da abin da ɗalibin Hausa zai tsinta, sa'an nan a kawo shawara game da yadda za a shirya fitar.

2.0 Matsayin irin wannan fita a al'adar Bahaushe

Kafin a shiga cikin gari, ya kamata a kawar da wani zato, watau cewa fita don kallo baƙuwar al'ada ce da Turawa suka zo da ita. Harshen kansa ya ƙaryata wannan. Bahaushe yana da ziyara, yana da shan iska, yana da kilisa wadda mai doki yake fita don motsa dokinsa, yana da yawon salla, sa'an nan daga baya ya sami yawon buɗe ido. A Kano akwai bikin Takutaha, mako guda bayan Mauludi, ranar da jama'a suke tururuwa zuwa hawan Dutsen Dala. Akwai kuma kallon hawan Daushe da na Nasarawa da na Fanisau. Ashe fita kallo tsohon abu ne a wurinmu.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne fita da niyyar koyo a wurin da mutum ya saba gani. Hausawa sun ce, "Ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe." Tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yana daura da ganuwar birni, kusa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Dukawuya, ɗalibai suna wucewa ta gefenta safe da yamma a cikin A-daidaita-sahu. Nawa ne daga cikinsu suka taɓa sauka suka dubi yadda aka jera ƙasarta? Baƙo yakan taso daga Jamus ko Amurka, ya kashe kuɗi masu yawa don ya ga abin da ɗan gari yake wucewa ko waiwaye babu. In ya koma ya rubuta littafi, mu kuma mu zo muna neman littafin a laburare don mu san garinmu.

3.0 Da safe: Dala da ganuwa

Ya fi kyau a fara da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi. An yi masa matakala, saboda haka hawansa ba wuya. Dalilin farawa da shi biyu ne. Na farko, a nan labarin garin ya soma. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya buɗe ne da zancen Barbushe da Tsumburbura a wannan dutse, kafin zuwan Bagauda wanda ake lissafin sarautarsa daga shekarar 999. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa kuma sun sami alamun narkar da tama a Dala waɗanda suka kai ƙarni na 7. Na biyu, daga saman dutsen ana ganin shimfiɗar birnin: ga Goron Dutse daga yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci da Gidan Rumfa, ga cunkoson Kasuwar Kurmi. Wanda ya tsaya a nan da taswira a hannu zai fahimci cikin rabin sa'a abin da lacca biyu ba za ta fahimtar da shi ba.

Daga nan sai ganuwa. Bisa ga Tarihin Kano, Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gininta, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), aka kuma ƙara a zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623). Sunayen ƙofofinta kaɗai darasi ne: Kansakali, wanda suna ne na takobi, da Mazugal da Waika da Na'isa da Ɗan'agundi da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mata da sauransu. Kowace tana da labarin da ake bayarwa game da asalin sunanta, kuma sau da yawa labarin yakan zo da fuska fiye da ɗaya. Aikin ɗalibi shi ne ya tattara fuskokin duka kamar yadda ya ji su, ya rubuta wanda ya faɗa masa da unguwarsa, kada ya zaɓi guda ya jefar da saura.

A nan ne kuma mai ziyara zai fara ganin dalilin da ya sa wannan aiki ba ya son jinkiri. Ko da yake an shigar da ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya take nema wa amincewar hukumar UNESCO tun 2007, sassa da yawa nata sun zube. Ruwan sama ya ci wasu, masu ɗibar ƙasa sun ci wasu, gine-gine sun hau kan wasu. Kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda suke karɓar ruwan damina, an cike da yawansu an yi shaguna. In badala ta tafi, kalmar badala za ta saura a waƙa da kirari, amma yaron da zai ji ta ba zai sami abin da zai danganta ta da shi ba.

4.0 Da hantsi: gidajen tarihi biyu

4.1 Gidan Makama

Gidan Makama yana kusa da fadar Sarki. An gina shi a ƙarni na 15, ana kuma danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda aka ce ya zauna a cikinsa yana Makama kafin ya hau gadon sarauta ya gina fadar da ake kira da sunansa. Bayan da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun yi amfani da gidan a matsayin ofis na ɗan lokaci. Yanzu wani sashe nasa gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi, wadda aka kafa a 1979.

Kuskuren da masu ziyara suke yi shi ne su wuce kai tsaye zuwa kayan da aka ajiye, su manta da ginin. Ginin shi ne kaya na farko. A ɗaga kai a dubi rufin soro: ga azara, watau itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cinsa ba, an jera ta bisa tsari. Ga bakan gizo, watau ginshiƙin da ya tanƙwaro daga bango ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, sunan da ya yi tarayya da bakan da ke fitowa a sararin sama bayan ruwa. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi, magina suna da sunan da suke kiran irin wannan ɗauri, ɗaurin guga. A waje kuma ga zanko a kusurwa, ga indararo mai zubar da ruwa, ga shafen makuba wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Bangon kansa da tubalin hannu aka yi shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ya bambanta da bulo na zamani. Kalma goma ke nan ko fiye, kafin a dubi ko da abu ɗaya na cikin akwatin gilashi.

A cikin ɗakunan akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da kayan sana'o'i, da hotunan sarakuna da na farkon zamanin Turawa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji (1390–1410) ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ɗalibin da ya karanta wannan, ko ya ji makaɗin fada yana wasa wani basarake da sulke, ya kamata ya ga abin da idonsa, ko a gidan tarihi ko a jikin 'yan lifidi ranar hawan salla, ya lura cewa sulke zobban ƙarfe ne da aka sarƙa, lifidi kuwa tufa ce da aka cusa wa auduga aka ɗinke. Daga ranar ba zai ƙara haɗa su wuri ɗaya a fassara ba.

4.2 Gidan Ɗan Hausa

A Nasarawa, wajen ganuwa, akwai Gidan Ɗan Hausa, wanda yake hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano. Gidan ƙasa ne da Hanns Vischer ya zauna a ciki, mutumin da asalinsa ɗan ƙasar Suwizalan ne, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa saboda jin harshen da ya yi. Shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa a 1909, shi ne kuma ya tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko waɗanda aka buga a 1912. Baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo.

Ga ɗalibin Hausa, wannan gida yana da matsayi na musamman, domin rubutun da wannan mujalla take fitowa da shi a nan aka aza harsashin daidaita shi. A nan ne ya dace a zauna a tattauna tambayar da ba ta tsufa: me ya sa Turawa suka fifita boko a kan ajami, alhali sun tarar da malamai suna rubuta waƙoƙi da wasiƙu da shi, kuma me aka samu, me aka rasa? Tambayar takan fi armashi in an yi ta a cikin soron da mai shawarar ya zauna.

5.0 Kafin azahar: marina da kasuwa

Kayan gidan tarihi a ajiye suke, ba sa motsi. Wanda yake son ya ga sana'a tana numfashi sai ya nufi marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498. Kanawa sukan kira irin wannan wuri karofi. Rijiyoyi ne masu zurfi da aka shafe cikinsu da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Marini yakan zuba ruwa da baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki su ruɓa, yana motsawa da muciya har kumfa ta taso. Katsi kuwa shi ne laka da take kwantawa a gindin rijiya, a kwashe ta a busar a ƙona. Da shi ake haɗa laso, saboda haka abin da rijiya ta fitar shi ne yake komawa ya gyara ta. In an tsoma tufa aka ɗago, da fari sai a ga ta yi kore-kore, iska na bugunta sai ta rikiɗe ta koma shuɗi. Ana maimaita tsomawa har ta kai duhun da ake so. Daga nan sai wurin mabuga, waɗanda suke ɗora ta a kan gungume suna dukanta da ɗan bugu, in ana son ƙyalli a sa shuni.

Wannan sana'a ita ce ta ɗaukaka sunan Kano. Heinrich Barth, wanda ya zo garin a 1851, ya ƙiyasta mazaunansa dubu 30, ya kuma ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga cikinsa a shekara a kan wuri miliyan 300. Turkuɗin garin Kura har Agadas da ƙasashen Buzaye ake kai shi. Yau rijiyoyi da yawa na Ƙofar Mata ba a aiki da su, domin atamfar kanti da rinin zamani na garwa sun kwashe kasuwar.

To, ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? Mu ɗauki misali biyu. Kullum muna jin ana cewa "masu hannu da shuni" ana nufin attajirai. Wanda ya ga yadda rigar da ta sha shuni take barin launi a hannun mai taɓa ta, ya kuma ji tsadarta, nan take zai gane inda maganar ta fito: a da, sai mai hali ne hannunsa yake yin shuni. Haka kuma karin maganar nan, "Na san a rina, an saci zanen mahaukaciya." Ba za a gane hikimar mahaukaciyar ba sai an san cewa ɓarawon zane yakan kai shi marina ya sauya masa launi don kada mai shi ta gane. Irin waɗannan maganganu suna nan da ransu a bakin mutane, amma saiwarsu tana cikin sana'ar da take ja da baya. Wanda bai ga saiwar ba, sharhinsa a kan maganar zai zama cinta ce kawai.

Daga marina zuwa Kasuwar Kurmi ba nisa. Ita ma Rumfa ne ya kafa ta. A cikinta akwai layin dukawa da na masu kayan doki da na masu sayar da magungunan gargajiya da na masu tufafi. A nan ɗalibi ya kasa kunne ga harshen ciniki: yadda ake tayi, yadda mai kaya yake cewa "albarka" in tayin bai yi masa ba, yadda ake sallamawa, yadda ake neman gyara. Ya kuma lura da sunayen unguwannin da zai ratsa, domin su ma tarihi ne: Alfindiki, daga kalmar Larabci mai nufin masauƙin fatake, Dandalin Turawa, inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, tun lokacin da kalmar Turawa take nufin su, Agadasawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi, kowace tana faɗin inda mutanenta na farko suka fito.

6.0 Da rana: wurin cin abinci

Masu shirya fita sukan ɗauki lokacin cin abinci a matsayin hutu daga nazari. A ganinmu shi ma darasi ne, in an zaɓi wurin da kyau. Maimakon a nufi gidan abincin zamani inda za a kawo soyayyar shinkafa da kaza irin wadda ake samu a kowane gari, ya fi amfani a nemi rumfar mai tuwo, ko mai waina, ko tukubar mai tsire, ko mai gurasa.

Gurasa ita ce misali mafi kyau, tun da an san Kano da ita. Da garin alkama ake yin ta, a manna ƙullin a jikin tanderu mai zafi har ya gasu. Kalmomin nan, gurasa da alkama da tanderu, duk daga Larabci suka shigo, haka alkubus da alkaki da shayi. Watau faranti ɗaya ya isa ya nuna dangantakar Kano da fataken hamada. Amma in aka yayyafa wa gurasar ruwa, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe, wannan kuma aikin Kanawa ne. Haka aro yake a harshe: a karɓi abin baƙo, a sarrafa shi har ya zama na gida. A rumfa guda kuma za a iya jin miyar agushi, wadda sunanta ya zo daga Yarabanci, a teburin mai shayi a ji burodi da Indomie. Kowane zamani ya bar sawunsa a cikin kwano.

Wurin masu nama ma akwai abin tsinta. A tambayi mahauci bambancin tsire da balangu da kilishi da dambun nama. Zai bayyana yadda ake shimfiɗa naman kilishi falle-falle a shanya, a tsoma shi cikin labu wanda aka dama da tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna masa wuta. A wurin mai tuwo a ji malmala da mara da muciya da tuƙi da talge da ruɗe. Yawancin waɗannan kalmomi a hannun mata suke, kuma nazarinmu bai ba harshen mata na madafa haƙƙinsa ba. Ɗalibai mata suna da damar da maza ba su da ita a nan, domin su ne za su iya shiga cikin gida inda ake yin gurasa da alkaki su zauna su ga aikin daga farko har ƙarshe.

7.0 Da la'asar: gidan namun daji

In rana ta yi sanyi, sai a ƙarasa yinin a gidan namun daji na Kano, wanda jama'a suke kira Gidan Zu. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo (1967–1975), kuma sunansa yake ɗauke da shi. Ranakun salla yakan cika maƙil da yara, saboda haka mai nazari ya zaɓi wata rana.

Adabinmu na baka cike yake da namun daji. Tatsuniya ba ta tafiya sai da kura da zaki da dila, karin magana kuma ba ya rabuwa da giwa da ɓauna da damisa da kada. Kakanninmu da suka ƙirƙiri waɗannan sun zauna kusa da dabbobin, sun san halinsu. Ɗalibin da ya tashi a birni kuwa, a hoto ya san yawancinsu, har yakan kasa bambanta barewa da gada, ko bushiya da beguwa, ko dila da yanyawa. Wanda ya tsaya ya dubi tafiyar kura, da yadda bayanta ya zube ƙasa, da yadda take kai da kawo, zai ga inda masu tatsuniya suka samo surarta. Wanda ya ga jimina kusa zai tuna cewa figini da takalmin gashin jimina suna cikin abubuwan da Tarihin Kano ya ce Rumfa ne ya ƙago su, ya haɗa abin da ya gani da hantsi da wanda ya gani da la'asar. Itatuwan wurin ma abin tambaya ne: a nemi ma'aikaci ko wani dattijo ya faɗi sunan kowace bishiya da amfaninta.

Waɗanda suka sami mota suna iya ware wata rana su fita kudu da birni zuwa Bagauda da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, su biya ta Kura da Kadawa su ga noman rani. A bakin ruwa za su sami masunta da kalmominsu, irin su koma da birgi da mali da taru da gora. Amma a fara tambayar lafiyar hanya, a kuma dawo kafin duhu.

8.0 Yadda za a shirya fitar

Fitar da ba ta da shiri takan ƙare a ɗaukar hoto kawai. Ga wasu shawarwari:

(a) A fita ƙungiya ƙarama, mutum biyar zuwa takwas. Taron mutum hamsin ba ya jin bayani, kuma yakan takura masu sana'a.

(b) A karanta wani abu game da wurin kafin a je, a fitar da kalmomi daga ƙamusun Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, a je a gwada su a bakin masu abin. Za a tarar wasu sun mutu, wasu sun sauya ma'ana, wasu kuma ana faɗinsu kullum amma ba su shiga ƙamus ba. Wannan kashi na uku shi ne ribar tafiyar.

(c) A raba aiki: wani ya rubuta, wani ya ɗauki magana da wayar hannu, wani ya yi zane ko hoto. A rubuta kalma da karin sautinta da tsawon wasalinta tun a wurin, domin in an koma gida kunne yakan manta.

(d) A kiyaye ladabi. A yi sallama, a gaida babba da "Baba" ko "Malam", mace da "Inna" ko "Hajiya", a faɗi daga inda aka zo da abin da ake nema. Kada a ɗauki hoto ko murya sai da izini. Marini da mai gurasa neman abinci suke yi, saboda haka a sayi wani abu, ko kaɗan ne, a maimakon lokacinsu da aka ci.

(e) Kada a yi wa mai bayani gardama da abin da aka karanta. In maganarsa ta saɓa wa littafi, a rubuta duka biyun, a kawo wa malami a tattauna.

(f) A rubuta rahoto cikin mako guda, a ajiye kwafi a sashe don na baya su ɗora a kai.

9.0 Kammalawa

Mun bi birnin Kano daga Dala zuwa ganuwa, daga Gidan Makama zuwa Gidan Ɗan Hausa, daga marina zuwa kasuwa da rumfar abinci da gidan namun daji, mun kuma ga cewa a kowane zango akwai kalmomi da maganganun da ba a fahimtarsu sosai sai an tsaya a gaban abin. Kano misali ce kawai. Ɗalibin Katsina yana da hasumiyar Gobarau, na Daura yana da rijiyar Kusugu, na Zariya yana da Kufena, na Argungu yana da gidan tarihin Kanta, na Damagaram yana da fada da tsohuwar unguwar Birni. Ba wanda zai ce garinsu ba abin gani.

Roƙonmu ga malamanmu shi ne a sa irin wannan fita cikin aikin kowane zangon karatu, a ba ta maki kamar yadda ake ba jinga, ko da sau ɗaya ne. Ga 'yan'uwa ɗalibai kuwa, ba sai an jira sashe ya samo mota ba. Kuɗin A-daidaita-sahu da na shiga ƙofa da na gurasa, in mutum shida suka haɗa, ba zai gagara ba. Tsofaffin marina da magina da suka san sunan kowane abu suna raguwa shekara bayan shekara, kuma kalmar da ba a ɗauka daga bakinsu ba, ranar da aka neme ta ba za a same ta a laburare ba.